Cinikin Biri a Sama: Me ke Riƙe Motocinmu Tsakanin Teku da Ƙasar Karaye?

Bayan girbin masarar 2023, Yayana da ke wani ƙauye a ƙasar Rogo ya share gefen zaurensa, ya kafa rumfar kwano mai ƙafa huɗu, ya ce nan motarsa za ta riƙa kwana. Motar kuwa tana can Amurka, shi bai taɓa ganin ta ba sai a hoton waya. Wani abokinsa na ƙuruciya ne ya tafi kwas na 'yan watanni, sai Yaya ya ga dama ta samu: ya sayar da masara da shanu biyu, ya tura kuɗi, aka saya masa mota a wurin gwanjo. Lissafinsa shi ne da ita za a ɗauki amarya a bikin 'yarsa ta fari a watan Disamba.

Abokin ya gama kwas ya dawo da akwatinsa, mota tana can. Takardar mallakarta ce ba ta fito a kan lokaci ba, kuma a dokar Amurka ba a ɗora mota a jirgi sai an gabatar wa hukuma wannan takarda aƙalla awa 72 kafin tashi. Da takarda ta fito, jirgin da aka yi niyya ya riga ya wuce, sai jiran na gaba. Daga nan Yaya ya koma abokin waya. Ina zaune kusa da shi wata ranar Juma'a ya kira ejan ɗin da zai fito masa da motar daga tashar Legas, ya buɗe murya kowa yana ji.

"Malam, yau mako uku ke nan ka ce jirgi ya iso."

"Ya iso, Alhaji, ranka ya daɗe. Matsalar yanzu canji ya tashi, abin da ka turo ba zai isa fito ba. A ƙaro wani abu, don kullum ta kwana kuɗin ajiya ƙaruwa yake."

Yaya ya ajiye waya, ya daɗe yana kallon rumfar nan. A lokacin akuyoyin gida sun riga sun mai da ita wurin shan inuwa. An ɗauki amarya a motar haya, an yi azumi, an yi ƙaramar Sallah, sannan wata safiya mota ta shigo ƙauye, madubi ɗaya babu, rediyo babu, batir ba nata ba. Kuɗin da ya bi bayanta ya isa ya sayi fegi a Karaye.

Na kawo labarin nan ne saboda ba na Yaya kaɗai ba ne. Duk wanda ya zauna a majalisar dillalan mota a Kano, ko a tashar Karaye inda ake lodin Golf da Sharon zuwa birni, ya ji irinsa. Abin da mutanenmu suka saba cewa shi ne, "Ai harkar teku sai haƙuri." Ni kuwa ina ganin an ɗora wa teku laifin da ba nata ba. Jirgin da ya tashi daga gabashin Amurka yakan iso Legas cikin 'yan makonni. Sauran watannin a tudu ake ƙera su: a ofis, a bakin ƙofar tasha, a kan shingen hanya. Kuma wanda ya fi kowa nisa da tashar shi ya fi kowa biya.

Kafin a ce na wanke teku tas, ita ma tana da nata. A watan Yulin 2023 wuta ta kama jirgin Grande Costa d'Avorio a tashar Newark yana cikin lodin tsofaffin motoci masu zuwa Afirka ta Yamma, har 'yan kwana-kwana biyu suka rasa rayukansu. A ranar 26 ga Maris 2024 wani jirgin kwantena ya daki gadar Baltimore ta rufta, ta toshe mashigar tashar da a lokacin ta fi kowace tashar Amurka hada-hadar motoci, aka yi makonni ana karkatar da kaya zuwa wasu wurare. Waɗannan ƙaddara ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. Amma abin lura shi ne, suna zama labarin duniya saboda ba safai suke faruwa ba. Jinkirin da ke samun mu a gida kuwa ya zama ruwan dare, har ba ya shiga labarai.

Harkar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka, Nijeriya kuma na sahun gaba a masu saye. Abin da Bayarabe ya kira tokumbo, mu muka kira Beljiyam ko 'yar Kwatano, shi ke ɗauke da ƙasar nan. Motar da ke kai mai naƙuda asibitin Karaye cikin dare, da wadda ke fito da tumatir da rake daga lungunan Rogo zuwa bakin titi, kusan dukkansu wani ne ya gama morar su a wata ƙasa. Saboda haka duk abin da ya taɓa shigowar motocin nan, ya taɓa kuɗin motar da talaka ke biya ranar kasuwa, ko da bai taɓa mafarkin mallakar keke ba.

To, me ke faruwa idan jirgi ya tsaya a tashar Tin Can ko ta Apapa da ke Legas? Daga ranar da aka sauke mota, agogo biyu ke fara bugawa. Akwai na masu tasha, waɗanda ke ba da 'yan kwanaki kyauta sannan su shiga lissafin kuɗin ajiya, kuma kuɗin kwana yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewa. In a kwantena motar ta zo, akwai kuma na kamfanin jirgi mai jiran a dawo masa da kwantenarsa. Babu ruwan waɗannan agogo da dalilin jinkiri. Ko intanet ce ta ɗauke a ofis, ko yajin aiki ake yi, ko wani jami'i ne ya tafi hutu da fayil a aljihun teburinsa, mai mota ne zai biya. In abin ya wuce wa'adi, mota ta shiga jerin kayan da suka daɗe, ƙarshenta gwanjo. A nan ne gizo ke saƙar: wanda ya jawo jinkiri ba ya asarar ko kwabo, wani lokaci ma riba yake ci. Tsarin da ya ba mai jinkirtawa lada, ya ci mai jira tara, ba zai taɓa yin sauri don kansa ba.

Sai kuma dokokin da ba sa zama wuri ɗaya. A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da manufar bunƙasa haɗa motoci a gida, ta sa fito kashi 35 da ƙarin haraji kashi 35 a kan motocin da aka shigo da su a haɗe. Dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin. A watan Fabrairun 2022 kwastam ta fara ƙiyasta darajar mota da lambar shasi, ejan-ejan suka ce kuɗin ya yi tashin gwauron zabo, suka tafi yajin aiki, motoci suka yi cincirindo a tasha har aka dakatar da tsarin aka gyara. Bayan wata biyu aka mayar da fiton motar hannu kashi 20, aka ɗora mata wani kashi 15. A Fabrairun 2025 aka shigo da wani sabon kashi 4, hayaniya ta yi yawa aka dakatar. Ban ce dukkan matakan nan marasa kan gado ne ba. Ƙiyasi da lambar shasi, alal misali, dabara ce mai kyau, don tana rage cinikin bayan fage tsakanin ejan da jami'i. Matsalar ita ce motar da ta baro Amurka a ƙarƙashin wata doka takan iso Legas ta tarar da wata. Ɗan kasuwa yana iya jure tsada in ya san ta tun farko. Abin da ke karya shi shi ne a canja masa awo bayan ya ɗaure buhu.

Canjin kuɗi ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. Darajar mota da dala ake yanke ta, sannan a juya ta zuwa naira a caji fito. Kafin watan Yunin 2023, dalar da ake wannan lissafi da ita ba ta kai naira 500 ba. Da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma a cikin watan nan kaɗai an sauya adadin sau da dama. Ma'ana, mutum bai ƙara ko ƙusa a jikin motarsa ba, amma abin da zai biya ya ninka sau uku. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa da kaka ya tanadi kuɗin fito, ba shi da wata kakar da zai jira kafin agogon tasha ya cinye shi.

Masu dogon tunani za su tuna cewa a da ba ta Legas motocin Arewa ke zuwa ba. Kwatano ce kasuwarmu. A sayi mota a filayen da ke bayan garin, a rubuta cewa Nijar za ta, a bi ta Parakou zuwa Malanville, a haye kogi zuwa Gaya, a miƙe Dosso da Birnin Ƙonni da Maraɗi, sannan ta sauko ta Illela ko Jibiya ko Maigatari. Wasu su biya fito a kan iyaka, wasu su yi fayawo ta daji cikin dare. Dubban samarin Kano da Katsina da Maraɗi sun ci abinci a wannan hanya: direbobi, bakanikai, masu fenti, 'yan canji. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya sai Disamban 2020. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya zo da takunkumi, gadar Malanville da Gaya ta rufe, kuma ko bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 mahukuntan Yamai ba su buɗe nasu ɓangaren ba. Hujjar gwamnati ta hana fasa-ƙwauri tana da ƙarfi, babu mai musun an yi ɓarna a wancan zamani. Amma an toshe ƙofar Arewa ba a buɗe mata wata ba. Aka tura kowa Legas, tashar da ta riga ta cika ta batse, wadda sai da aka ƙirƙiro tsarin kiran tireloli ta intanet a 2021 kafin cunkoson Apapa ya ɗan sassauta.

Fitowa daga tasha ma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Tsakanin Legas da Kano tafiyar kilomita dubu ce da ɗoriya. Direba ya bi Ibadan da Ilorin da Jebba da Mokwa, ya tsaya yana shawara ko ya ratsa dajin Birnin Gwari ko ya yi zagaye. Ko kuwa ya bi ta Lokoja da Abuja da Kaduna da Zariya. A kowane shinge a sake duba takardun da aka riga aka duba a tasha. In wani ya ce fiton da aka biya bai cika ba, mota ta koma ofis, mai ita kuma yana Karaye, ejan yana Legas, wayarsa a kashe. Mutane ba su manta da watan Maris na 2017 ba, lokacin da hukumar kwastam a ƙarƙashin Hameed Ali ta ce masu motoci su je su tabbatar an biya musu fito, har takaddama ta kai Majalisar Dattawa aka jingine umarnin. Tun daga lokacin, duk mai tsohuwar mota a ƙasar nan yana tafe ne da ɗar-ɗar a kan takardar da ba shi ya cike ta ba.

Kalmar "fito" kanta tana da abin koya mana. Asalinta ƙetarar da mutum ne da kayansa a kogi. Fataken Kano masu zuwa Gwanja neman goro sukan yi watanni a hanya, su haye Kwara a kwalekwale, su biya masu fito da sarakunan da suka ratsa ƙasarsu. Amma ayari yana da madugu, mutumin da ya san kowane zango da abin da ake biya a cikinsa, shi ke shiga gaba ya daidaita, kuma in ya ci amana ba zai sake samun mabiya ba. Falke ya san tafiyarsa doguwa ce, ya kuma san wanda zai riƙe. Mu yau muna da jirgin ruwa mai hawa goma da wayar da ke nuna inda jirgin yake a tsakiyar teku, amma ba mu da madugu. Mutum biyar ne tsakanin mai kuɗi da motarsa: mai saye a gwanjo, mai ɗora ta a jirgi, ejan, direba, dillalin da ya haɗa su. Kowa yana nuna na gaba da yatsa.

Za a ce, to me ya kai mu? Me ya sa ba za mu sayi ta gida ba? Tambayar tana da kyau, kuma akwai lokacin da amsarta ke da sauƙi. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Volkswagen yana Legas, Steyr yana Bauchi, a Kano kuma ana haɗa manyan motocin Fiat. Malamin makaranta yakan karɓi bashin mota ya fito da sabuwar 504 da ledarta. Wannan zamani ya tafi da faɗuwar naira da lalacewar wutar lantarki a shekarun 1980. Yau akwai masu haɗa mota a ƙasar nan, amma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin shugaban makaranta, balle manomin masara. Kare masana'antar gida abu ne mai kyau idan masana'antar tana samar da abin da mutane za su iya saye. In ba haka ba, tsadar fito ba ta haifar da sabuwar mota a Rogo. Tsohuwar Golf ce za a ci gaba da ɗaure ta da waya ana loda mata mutum goma.

Gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Mutum zai tura miliyoyi a kan hoton waya da kalmar "ɗan garinmu ne", babu rubutu, babu shaida, alhali addininmu ya yi umarni da rubuta mu'amalar da ke da wa'adi. Wani da bakinsa yake ce wa ejan a rage shekarun mota ko darajarta don fito ya yi sauƙi, in an kama a hanya kuma ya ce an zalunce shi. Da yawan motocin gwanjon Amurka waɗanda suka yi haɗari ne ko ambaliya ta shanye, kamfanin inshora ya fitar da rai da su. Araha kuwa ba ta ado. Wani ɗalibi zai taso daga Ingila da mota mai sitiyari a dama, ya manta tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, irin motarsa kuma doka ba ta yarda da ita ba. Akwai ma ta sata: a 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Nijeriya. Wanda ya sayi irin wannan ba da sani ba, ya yi asarar mota da kuɗi, ya kuma sha tambayoyi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana maƙwabtaka da mu. Ƙasar Karaye da Rogo tana tsakanin tashoshin tsandauri guda uku. Ta Kaduna an buɗe ta a Janairun 2018. Ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006, Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023. Ta Funtuwa, wadda mutumin Rogo zai je ya dawo kafin la'asar, an buɗe ta a 2024. Manufar tashar tsandauri ita ce kwantena ta taso daga ƙasar waje da sunan Kano ko Funtuwa a takardarta, ta wuce Legas a rufe, a buɗe ta a nan, a biya fito a nan, mai kaya yana tsaye. Kwantena babba tana ɗaukar ƙananan motoci uku ko huɗu. Da abin yana tafiya yadda aka tsara, da Yaya babur zai hau ya je ya ga motarsa, ya yi magana da ejan ido da ido cikin harshensa.

Abin da ya rage shi ne ƙafar da za ta kawo kayan. Tashar tsandauri ba tare da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci ba, fili ne kawai da katanga. Dogo ya iso Kano tun 1911, reshensa kuma ya bi ta Zariya da Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, shi ya kwashi gyaɗa da audugar kakanninmu zuwa teku. Sabon layi ya haɗa Apapa da Ibadan a 2021, wani ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ana aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, amma tsakanin Ibadan da Abuja har yanzu giɓi ne. Ƙasar da ta iya kai buhun gyaɗa daga Kano zuwa Legas a kan tsari shekara ɗari da suka wuce, bai kamata kawo kwantena daga Legas zuwa Kano ya gagare ta ba.

Saboda haka kirana ga 'yan majalisarmu na tarayya, musamman masu wakiltar Karaye da Rogo da sauran Kano ta Kudu, abu uku ne. Su matsa a tsayar da farashin dalar fito a kan ranar da aka ɗora kaya a jirgi, kuma duk sabon haraji a ba shi wa'adin watanni kafin ya fara aiki. Su nemi dokar da za ta tsayar da agogon kuɗin ajiya duk ranar da jinkiri ya fito daga hukuma ko daga masu tasha. Su kuma bi sawun jirgin kaya na mako-mako zuwa Zawaciki da Funtuwa, ko da a kan tsohon dogo ne, har sai ya zama abin da ɗan kasuwa zai yi lissafi da shi. Ƙungiyoyin dillalan mota na Kano su ma su fitar da jerin amintattun ejan, wanda ya ci amana a cire sunansa kowa ya sani.

Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar aikawa a sayo maka, ka karɓi lambar shasi ka sa a bincika tarihin motar kafin kuɗinka ya bar hannunka. Ka ga takardar mallaka da takardar jirgi da sunanka a jiki. Ka rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, ko da ɗan ɗakinku ne. Ka biya fito cikakke ka adana rasit. Ka ajiye wani abu a gefe saboda tashin canji, kuma kada ka ɗaura ranar biki a kan jirgin ruwa. In ba za ka iya waɗannan ba, ka shiga birni ka sayi wadda za ka buɗe bonet ɗinta da hannunka, ko da ta fi tsada. Gani ya kori ji, kuma shanun da aka sayar ba sa dawowa garke.